Ba Kowane Ƙarfe Ne Na Sikeli Ba

Daga wani ɗalibin HND I, Sashen Injiniyan Gine-gine da Hanyoyi

Editan mujallar nan ya daɗe yana bina in rubuta wani abu game da shekarar koyon aikin da na yi tsakanin ND da HND, ni kuma ina ta zille masa, don ban ɗauki kaina marubuci ba. Abin da ya sa na daina zillewa shi ne abin da ya faru a Jabo.

A daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, ɓaraguzan makami sun faɗo a gonakin Jabo da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Gari na wayewa hotuna suka cika wayoyinmu: jama'a sun yi dafifi a wurin, yara suna tsintar guntayen ƙarfe da hannu. Ba ina cewa akwai sinadarin nukiliya a cikin ɓaraguzan nan ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗabi'ar tamu: duk inda ƙarfe ya faɗi, hannu na kai masa kafin tunani ya iso. Ni ɗan Tambuwal ne, dangin mahaifiyata kuma 'yan Kebbe ne, kuma na taɓa ganin ranar da wannan ɗabi'a ta kusa jawo mana abin da ba mu da maganinsa.

Akwatin rawaya

Na yi shekarar koyon aikina ne a wani kamfani da ke gyaran wata hanyar karkara a yankinmu. An haɗa ni da ma'aikatan ɗakin gwaji, masu auna ƙasa da burji da tsakuwa. Duk wanda ya yi kwas ɗin ƙasa a ND II ya san cewa bayan rola ta gama daɓe, sai an gwada an tabbatar ƙasar ta matsu yadda ake so kafin a zuba wani layin a kanta. Hanyar da aka koya mana a makaranta ita ce ta yashi: ka haƙa rami, ka auna ƙasar da ka fitar, ka cika ramin da yashin da ka san nauyinsa, sannan ka kai samfurin cikin oba ya kwana kafin ka san yawan ruwan da ke ciki. Aiki ne mai kyau, amma yana cin lokaci, ɗan kwangila kuwa ba ya son jira.

To a wurin aikin nan akwai wata na'ura da ke yin wannan gwaji cikin minti guda. Ma'aikata na ce mata geji. Rawaya ce, girmanta bai wuce ɗan ƙaramin janareto ba, tana da hannu a sama da sandar ƙarfe mai sauka cikin ƙasa, nauyinta ya haura kilo 10. Tana zaune cikin wani akwatin roba mai kauri, shi ma rawaya, da kwaɗo biyu. A jikin akwatin akwai wata alama mai fukafukai uku, kamar fankar silin. Mutum ɗaya ne kawai ke da izinin taɓa ta, kuma kullum yana maƙale da wani ɗan baji a aljihun gaba, wanda ke ƙirga abin da jikinsa ya sha na radiyeshin.

Ranar farko da na miƙa hannu zan taya shi sauke ta daga mota, sai ya ce, "Ɗan makaranta, ja da baya. Wannan ba a ɗaukar ta da ladabi, da lasisi ake ɗaukar ta."

Me ke cikinta?

Ƙwayoyi biyu ne a ciki, kowace an rufe ta ruf a cikin ɗan kwanson ƙarfe da bai kai kan ɗan yatsa ba.

Ta farko ita ce siziyom-137, tana can a bakin sandar. Tana fitar da hasken gama, wanda ɗan'uwan hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ne a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfin ratsa abu. Ana huda ƙasa, a tura sandar ciki har zuwa santimita 30 in an so, sai ma'aunin da ke gindin na'urar ya ƙirga hasken da ya iso gare shi. In ƙasa ta daɓu sosai, kaɗan ne zai ratso. In tana da sako-sako, da yawa zai ratso. Daga nan na'urar ke lissafa matsewar ƙasar.

Ta biyu gaurayen amerisiyom-241 ne da beriliyom, mai fitar da ƙwayoyin niyutiron masu gudu. Haidirojin da ke cikin ruwa shi ke rage musu gudu. Saboda haka yawan waɗanda suka dawo a gajiye shi ke nuna yawan damshin ƙasar.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan ba irin injin hoton ƙashi ba ne da in an ɗauke wuta ya mutu. Ƙwayar ba ta da makunni. Dare da rana tana aiki, ko da batir ko babu. Abin da kawai ke tsakaninka da ita shi ne garkuwar ƙarfe mai nauyi da take komawa ciki in an ja sandar sama an kulle.

Kuma ba a aikin hanya kaɗai ake samun irin waɗannan ƙwayoyi ba. Masu duba walda a bututun mai da na gas, irin aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2020, sukan ɗauki hoton cikin walda da iridiyom-192. Masu haƙar mai suna zura ƙwayoyi cikin rijiya don sanin irin dutsen da ke ƙasa. Masana'antun siminti da na lemo da na takarda a duniya suna amfani da su wajen auna cikar tanki ko kaurin kaya. Asibitoci kuma sun daɗe suna gasa ciwon daji da kobalt-60.

Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, mai hedikwata a Biyana, ta kasa su aji biyar gwargwadon haɗarinsu. Aji na 1 shi ne mafi muni, irin na injin gashin ciwon daji. Na duba walda yana aji na 2, na rijiyar mai galibi aji na 3, gejin hanya kuwa yana can ƙasa, wajen aji na 4. Gaskiyar magana ita ce geji a rufe ba zai kashe wanda ya wuce ta gefensa ba. Haɗarinsa na zuwa ne in aka fasa shi, aka ciro ƙwayar aka riƙe a jiki, ko aka narkar da ita. Na duba walda kuwa, ƙwayarsa tsirara a aljihu na sa'o'i kaɗan ta isa ta raba mutum da ƙafarsa ko da ransa. Matsalar ita ce, ɓarawo da mai sikeli ba su san aji-aji ba.

Safiyar da aka fasa sito

Wata Asabar da safe muka iso yadi muka tarar an ɓalle ƙofar kwantenar da ake ajiye kaya. An kwashe batiran mota huɗu, da naɗin wayar jan ƙarfe, da jarkokin gas. Akwatin rawaya ma babu shi. Ranar Juma'a an tashi aiki da wuri, aka ajiye shi tare da sauran kaya maimakon a kai shi ɗakinsa na musamman a ɗaure shi da sarƙa.

Ban taɓa ganin babban mutum ya rikice irin yadda injiniyanmu ya rikice ba. Bai ko kalli inda batiran suke ba. Nan take aka kai rahoto ga 'yan sanda, aka buga wa jami'in kula da lafiyar ma'aikata waya don ya sanar da hukuma a Abuja. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne ɗan gari. Ina ake kai tsofaffin ƙarafa a yankin nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wuraren suna da yawa. Amma akwai kawuna a Kebbe, sana'arsa ke nan."

Muka ɗauki hoton akwatin a waya muka shiga zagaye. Duk mai sikelin da muka je wurinsa sai ya ɗauka binciken kayan sata muka zo yi, ya rufe baki. Sai da muka koma cewa, "Ba kama kowa muka zo yi ba, abin da ke ciki cuta ne," sannan aka fara sauraronmu. Ranar Lahadi bayan la'asar kawu ya kira ni.

"Ɗana, kana ina? Wanga abu da ka nuna min, ga shi yara sun kawo. Sun ce cikin kwalbati sunka tsince shi."

Na ce, "Kawu, don girman Allah kada kowa ya taɓa shi. Ku janye yara, ku ma ku matsa nesa."

Ya ce, "To ai ga wani nan da guduma, shina son shi ga ko akwai jan ƙarfe ciki."

Ban san lokacin da na ɗaga wa kawuna murya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Da muka isa, an riga an karya kwaɗon akwatin, an fito da na'urar an ajiye gefen sikeli, har an fasa gilashin allonta. Amma kwaɗon da ke riƙe sandar yana nan, ƙwayar tana cikin garkuwarta. Ma'aikacin ya zagaya da ma'aunin radiyeshin, ya duba ƙasa da hannuwan yaran, ya ce Alhamdu lillahi, ba abin da ya fita. Yaron da ke riƙe da gudumar bai wuce shekara 14 ba, sa'an ƙanena ne. Da alama ɓarayin sun buɗe ne suka ga ba abin da za su iya sayarwa cikin sauri, suka yar.

Mun tsira ne da ikon Allah da kuma kwaɗo guda ɗaya. Daga ranar na shiga karanta abin da ya faru a wuraren da kwaɗon bai riƙe ba.

Abin da ya ci Doma

A nan gida Nijeriya, a Disamba 2002, ƙwayoyi biyu na amerisiyom da beriliyom, irin na auna rijiyar mai, sun ɓace daga hannun kamfanin Halliburton a yankin Neja-Delta. Sai da gwamnati ta nemi taimakon IAEA a farkon 2003. Daga baya aka gano su a Jamus, a cikin tsofaffin ƙarafan da aka kai don narkarwa. A Satumba 2004 gwamnatin Obasanjo ta dakatar da ba kamfanin kwangila saboda sakaci. Ku lura da hanyar da kayan suka bi: daga wurin aiki, zuwa kasuwar tsofaffin ƙarafa, zuwa jirgin ruwa, zuwa wata nahiya. Duk hannun da suka ratsa a tsakani, mai shi bai san me ya ɗauka ba.

Mafi shahara a duniya shi ne na birnin Goyaniya a Burazil. A 13 ga Satumba 1987 wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka yi ƙaura aka bari, suka kwance kan injin gashin ciwon daji, suka tura shi gida a baro. Suka huda kwanson, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da dare ya ga garin da ke ciki yana wani haske shuɗi mai ban sha'awa, sai ya shigar da shi gida, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Garin siziyom-137 ne, bai kai giram 100 ba. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi, ta ci abinci da hannun. Mutane suka fara amai da gudawa, aka ɗauka gurɓataccen abinci ne. Matar mai sayen ƙarafan ce ta lura cewa tun da abin nan ya shigo gidan ciwo ya shigo, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya ranar 28 ga Satumba. Ta ceci jama'a da yawa, amma ita ba ta tsira ba. Mutum 4 suka rasu: ita, da yarinyar, da ma'aikata biyu na wurin ƙarafan. An auna mutum kusan 112,000, aka sami 249 da gubar a jikinsu, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar unguwa.

A Samut Prakan ta ƙasar Tailan, a farkon 2000, masu tsintar ƙarfe suka ɗauko kan wani injin kobalt-60 da aka ajiye a filin da ba tsaro, aka yanka shi da wutar walda. Mutum 10 suka kwanta asibiti, 3 suka rasu. Alamar nan mai fukafukai uku tana jikin injin, amma ba wanda ya san ma'anarta. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2007 aka fito da ƙarin alama: kusurwa uku ja, da ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da hoton mutum yana gudu.

A Afirka ma ya faru. A Muhammadiyya ta Maroko a 1984, ƙwayar iridiyom-192 ta faɗo daga na'urar duba walda, wani lebura ya tsinta ya kai gida, mutum 8 suka rasu. A ƙauyen Mit Halfa na Masar a 2000, wani manomi ya tsinci irinta ya adana a ɗaki yana zaton abu ne mai daraja. Shi da ɗansa ƙarami suka rasu. A Yanango ta Peru a 1999, mai walda ya sa irinta a aljihun baya na wando na wasu sa'o'i, ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa.

Sai kuma wanda ya fi shafarmu mu masu karatun gini. A ƙarshen 1983 a Siyudad Huwares ta Meziko, an sayar da injin kobalt-60 ga masu tsofaffin ƙarafa, aka narkar da shi tare da sauran ƙarfe, aka yi dubban tan na rodi da ƙafafun tebur. Ba a gane ba sai a Janairu 1984, da wata motar rodi ta yi ɓatan hanya ta bi ta ƙofar cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, ƙararrawa ta kaɗa. Sai da aka rushe ɗaruruwan gine-gine. Yanzu ku tuna da tirelolin tsofaffin ƙarafa da ke wuce mu a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, suna gangarawa kudu inda ake narkarwa. Rodin da za a yi da su, mu ne za mu sa hannu a karɓe shi a wurin gini.

Me ya sa ake sace su?

A yawancin labaran nan, ba ƙwayar ɓarawo ke nema ba. A Disamba 2013 a Meziko, 'yan fashi sun ƙwace wata babbar mota a gidan mai a Tepohako, ba su san tana ɗauke da kobalt-60 daga wani asibiti ba. Motar suke so. Bayan kwana biyu aka tsinci ƙwayar a gona, an fitar da ita daga garkuwarta.

Dalilai uku na gani. Na ɗaya, akwati mai kwaɗo biyu yana gaya wa ɓarawo cewa akwai abu mai tsada a ciki. Na biyu, nauyi: garkuwar dalma ce ko wani ƙarfe mai nauyin gaske, a kasuwar jari-bola kuwa nauyi shi ne kuɗi. Na uku, jita-jita. Wa bai taɓa jin labarin jan makuri ba, wanda ake cewa yana ɓoye cikin tsofaffin na'urori kuma ana sayensa da miliyoyi? A 2009 irin wannan jita-jita ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer. Babu wani abu wai shi jan makuri mai wannan siffa, damfara ce. Amma ta isa ta sa matashi ya ɗauki guduma ya fasa abin da bai sani ba.

Akwai kuma fargabar da hukumomin tsaro ke da ita, cewa irin waɗannan ƙwayoyi su faɗa hannun masu mugun nufi su haɗa su da abin fashewa don su gurɓata wuri. A yankin da ke fama da 'yan bindiga kamar namu, ba magana ce ta wasa ba. Tun 1995 IAEA ke ajiye kundin rahotannin ɓacewa da sata da fasa-ƙwaurin irin waɗannan kaya daga ƙasashe.

Ɗan lissafi kaɗan

Kariya daga radiyeshin ƙafa uku gare ta: lokaci, tazara, garkuwa.

Lokaci a fili yake. Wanda ya yi minti 10 kusa da ƙwaya ya sha ninki goma na wanda ya yi minti 1.

Tazara ita ce mai ban mamaki. In ka ninka nisanka sau biyu, abin da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mu ɗauka ma'auni ya nuna 100 a nisan mita 1. A mita 2 zai nuna 25. A mita 10 zai nuna 1. Yanzu juya lissafin: a santimita 10 zai nuna 10,000, a santimita 1 kuwa 1,000,000. Wannan shi ne bambancin wanda ya tsaya yana kallo daga nesa da wanda ya sa a aljihu. Taku goma baya ba tsoro ba ne, ilimi ne.

Garkuwa kuma ita ce dalma, ko kankare mai kauri, ko tudun ƙasa. Riga da safar hannu ba sa tare hasken gama.

Sai batun tsawon rai. Kowane sinadari yana da wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa zuwa rabi. Na iridiyom-192 kwana 74 ne, don haka cikin shekara guda ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin 32. Na kobalt-60 shekara 5 da 'yan watanni. Na siziyom-137 kusan shekara 30: in aka yar da shi a rijiya yau, bayan shekara 60 rubu'in ƙarfinsa na nan, jikokinmu za su gaje shi. Na amerisiyom-241 kuwa shekara 432 ne.

Don ku sami abin kwatance, ana auna abin da jiki ya sha da milisibat. Matsakaicin abin da ɗan Adam ke sha a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama kusan 2.4 ne. Ƙa'idar duniya ta yarda ma'aikacin radiyeshin ya sha har 20 a shekara, sauran jama'a kuma kada ƙarin da ayyukan mutane ke jawo musu ya wuce 1. Wanda duk jikinsa ya sha 4,000 zuwa 5,000 a lokaci guda, in ba a yi masa magani ba, rayuwa da mutuwa kunnen doki ne.

Yadda cutar ke bayyana

Radiyeshin ba shi da wari, ba shi da launi, ba a jin zafinsa lokacin da yake shiga. Wanda ya sha da yawa yakan fara da tashin zuciya da amai da gudawa cikin sa'o'i. Sai ya ji sauƙi na wasu kwanaki, ya ɗauka ya warke. A lokacin ɓargonsa ya riga ya taɓu, jinin da ke yaƙi da cuta yana ƙarewa. Sai zazzaɓi, da zubar jini daga dasashi, da zubewar gashi. A fata kuma ƙuna kan fito bayan kwanaki ko makonni, ba wuta ba ruwan zafi, ta ƙi warkewa.

Ku faɗa mini gaskiya, in haka ta faru da gida guda a Kuchi ko Sanyinna ko Dogon Daji, me za a ce? Za a fara da maganin maleriya, a koma na taifot, daga nan a ce jifa ne ko sammu, abin kuwa yana nan ƙarƙashin gado. Mun ga makamancin haka kusa da mu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa. Dalma ba radiyeshin ba ce, amma darasin ɗaya ne: an shigo da abin neman arziki cikin gida, yara suka fara biya.

Abin da doka ta ce

Dokar Kariya daga Nukiliya da Radiyeshin mai lamba 19 ta 1995 ita ta kafa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001. Ba a shigo da ƙwayar radiyeshin, ko ajiye ta, ko safararta, ko aiki da ita sai da izinin wannan hukuma, kuma in ta ɓace wajibi ne mai lasisi ya sanar nan take. A nan Arewa muna da masana a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda tukunyar binciken nukiliya ta farko a ƙasar nan ta fara aiki a 2004. Wato ba a rasa waɗanda suka san aikin ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai kai labarin bakin sikeli.

In ka ci karo da ita

Alamomin da za su sa ka tsargu: alamar fukafukai uku ko jar alamar mutum mai gudu, ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya fi girmansa, akwati ko tulun ƙarfe mai kwaɗo da farantin rubutu a jiki, ko ɗan kwanso mai sheƙi, wani lokaci da guntuwar waya a jikinsa, a kusa da inda aka yi aikin bututu. Kada ƙanƙanta ta ruɗe ka. Ƙwayar siziyom da ta faɗo daga mota a Ostareliya a Janairu 2023 milimita 6 ce a 8, amma sai da aka bi hanya mai kilomita 1,400 ana nemanta har aka same ta.

1. Kada ka taɓa, kada ka ɗauka, kada ka buɗe. Hoto ma daga nesa.
2. Matsa baya sosai, ka janye mutane, musamman yara da mata masu ciki.
3. Sa wani babba ya tsare hanyar wurin daga nesa, kada wani ya zo ya ɗauke.
4. Sanar da 'yan sanda ko Sibil Difens da mai unguwa, ko ka kira 112, ka ce a sanar da NNRA.
5. Kada a jefa a rijiya ko gulbi, kada a binne, kada a ƙona.
6. Wanda ya riga ya taɓa, ya cire tufafinsa a ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu, ya je asibiti ya gaya wa likita ainihin abin da ya taɓa da tsawon lokacin.
7. A rubuta sunayen duk waɗanda suka kusanci abin.

Nauyin da ke kanmu

Gobe mu ne za mu riƙe makullan sito. Wanda Allah ya ba wannan amana ya tuna: ɗaki na musamman, kwaɗo a kan sanda, kwaɗo a kan akwati, sarƙa a jikin mota, da littafin da ake sa hannu duk fita da shiga. Kada a bar na'ura a bayan a-kori-kura a tafi cin abinci. A gaya wa maigadi abin da yake gadi, da Hausa, ba da takardar Turanci da aka manna a ƙofa ba. In kuma ta ɓace, a faɗa a ranar. Kamfanin da ya ɓoye don gudun tara, da ran mutanen gari yake caca.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su haɗa kai da sashenmu da na Kimiyyar Ɗakin Gwaji, a buga alamomin nan biyu a takarda da bayani cikin Hausa da ajami. Kowane ɗalibi in zai tafi hutu ya ɗauki guda biyar, ya kai wa masu sikeli da masu walda da maƙeran garinsu. 'Yan jari-bola ba abokan gaba ba ne. Neman halal suke, kuma su ne na farko da abin zai taɓa, su ne kuma na farko da za su iya tare shi.

Kawuna yanzu ya sa an zana masa alamar fukafukai uku da fenti a jikin bangon shagonsa. Duk yaron da ya kawo kaya sai ya nuna masa ya ce, "In ka ga wagga, bar ta inda ka gan ta, ka zo ka faɗa min." Bai yi boko ba, amma ya riga da yawa daga cikinmu aiki da darasin.

Allah Ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba mu gani. Wassalam.